East Stirlingshire, ƙaramin kulob ɗin da Alex Ferguson ya fara aikin koci a cikinsa

"Assalamu alaikum Malam. Ni magoyin bayan Manchester United ne. A gidan kallonmu gardama ta kaure, wani ya ce a Aberdeen Ferguson ya fara aikin koci, wani ya ce a'a, a wani ɗan ƙaramin kulob ne da ko gola ba shi da shi. Wane kulob ne wannan? Yana nan har yanzu? In yana nan, me ya sa ba ma jin sunansa, kuma me ya hana shi girma?" Daga wani mai karatu a Gusau.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na biyun ne ke da gaskiya. Aberdeen ita ce ƙungiya ta uku da Alex Ferguson ya horar. Kafin ita akwai St Mirren, kafin St Mirren kuma akwai East Stirlingshire, wadda mutanenta ke kira Shire a taƙaice. Can ya fara a watan Yunin 1974 yana ɗan shekara 32, kuma maganar rashin gola ba ƙarin gishiri ba ce. Ƙungiyar tana nan da ranta, sai dai tun 2016 ta fita daga rukunai huɗu na babbar gasar lig ta Scotland, ta koma mataki na biyar.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mai nauyi, wato me ya hana ta girma. Na daɗe ina bin tarihin ƙananan ƙungiyoyin Birtaniya, na kuma yi shekaru ina sakataren wata ƙungiyar unguwa a nan gida, don haka labarin Shire yana taɓa ni ƙwarai. Abin da na fahimta shi ne, zaman Ferguson ɗan guntu ne a tarihin da ya haura shekara 140. Abin da ya fi juya rayuwar wannan ƙungiya shi ne maganar fili da unguwa: wa ke da ikon ɗauke ta daga inda aka haife ta, kuma me ke faruwa in ta rasa wurin zama.

Inda ta fito

Falkirk gari ne da ke tsakanin Glasgow da Edinburgh, kuma a da garin narkar da ƙarfe ne. Tun 1759 aka kafa babbar masana'antar Carron a gefensa, sauran ƙananan masana'antu suka biyo baya. A arewacin garin akwai unguwar ma'aikata mai suna Bainsford. A 1880 wasu 'yan wasan kurket na unguwar, masu kiran kansu Bainsford Bluebonnets, suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa suka sa mata suna Britannia. A 1881 ta koma East Stirlingshire, kuma daga wannan shekarar ake lissafin haihuwarta. Stirlingshire sunan lardin ne gaba ɗaya. Kada ka haɗa ta da Stirling Albion, wadda ke birnin Stirling, ƙungiya ce daban. Rigarta ta gado baƙi da fari ce, zane a kwance.

Farkon rayuwarta ba na raini ba ne. A kakar 1888/89 ta kai zagayen kwata fainal na Kofin Scotland, inda Celtic ta fitar da ita da ci 2-1, bayan ita ma ta lallasa Vale of Bannock da ci 11-2 a wani zagaye na baya. A wancan zamanin har ɗan wasan tawagar Wales take da shi, Humphrey Jones. A 1900 aka zaɓe ta cikin rukuni na biyu na gasar lig ta ƙasa, shekara biyu kafin maƙwabciyarta Falkirk ta samu shiga.

To amma maƙwabciyar ce ta yi gaba. Falkirk, wadda aka kafa a 1876, ita ce ke ɗauke da sunan garin, ta hau rukunin farko a 1905, ta ci Kofin Scotland a 1913, ta sake ci a 1957. Daga nan Shire ta zama ƙanwa a garinta, kuma har yau ba ta fita daga wannan matsayi ba. A 1921 ta koma Firs Park, filin da ta zauna shekara 87 a cikinsa, kuma a wannan shekarar ce ta tara jama'a mafi yawa a wasan gida, mutum 12,000, a karawarta da Partick Thistle ta Kofin Scotland.

Sau biyu kacal ta leƙa rukunin farko. A 1932 ta lashe rukuni na biyu, makinta ɗaya da St Johnstone amma lissafin ƙwallaye ya ba ta. Da ta hau sai ta ƙare a ta ƙarshe, ta sauko. A 1936 Dundee United ta zura mata 12-1, kashin da ba ta taɓa shan irinsa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka jefa ta rukunin C tare da 'yan benci na manyan ƙungiyoyi, ta lashe shi a 1948, ta hau ta sake faɗowa, sai a 1955 da aka rushe rukunin aka dawo da ita cikin lig sosai. Hawa na biyu zuwa rukunin farko a 1963 ne, kuma shi ma kaka ɗaya ya yi.

Shekarar da aka ɗauke ta zuwa wani gari

A nan ne, a ganina, zuciyar labarin take. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan kasuwa, Jack da Charles Steedman, su ne ke juya ƙungiyar a lokacin, kuma ba za a ce ba su iya ba. A zamaninsu ne aka riƙa tono yara masu hazaƙa ana sayar wa manyan ƙungiyoyi. Masoya Chelsea na gidan kallonku su san wannan: Eddie McCreadie, ɗan bayan hagu da ya yi fiye da shekara goma a Stamford Bridge har daga baya ya zama kocinsu, daga Shire Tommy Docherty ya ɗauko shi a 1962 kan fam 5,000.

Da ƙungiyar ta faɗo a 1964, sai 'yan'uwan suka yi lissafi irin na kasuwa. Falkirk ba za ta iya ciyar da ƙungiyoyi biyu ba, ga kuma wata ƙungiyar, Stenhousemuir, a ƙofar gida. Can yamma da Glasgow kuwa akwai Clydebank, garin ƙera jiragen ruwa da kekunan ɗinki na Singer, cike da ma'aikata, amma babu ƙungiyar lig ko ɗaya. Sai suka haɗe Shire da wata ƙaramar ƙungiyar garin, Clydebank Juniors, suka raɗa wa haɗin suna ES Clydebank, suka kwashe komai zuwa filin Kilbowie, tafiyar kusan kilomita 50. Da na ce komai, har da fitilun filin Firs Park da rufin rumfar 'yan kallo aka kwance aka tafi da su.

In kuɗi kawai za a duba, lissafinsu ya fita. A watan Fabrairun 1965 mutum 14,900 suka cika Kilbowie don kallon wasan kofi da Hibernian, adadin da Firs Park bai taɓa gani ba. Amma ƙananan masu hannun jari da magoya baya na Falkirk suka ce ba su yarda ba. Ba attajirai ba ne, mutanen gari ne masu 'yan hannayen jari kaɗan kaɗan. Suka kai ƙara babbar kotun farar hula ta Scotland da ke Edinburgh, suka yi tsayin daka, kotu ta ba su gaskiya. A 1965 East Stirlingshire ta dawo Firs Park da sunanta da kujerarta a lig, bayan kaka ɗaya a baƙon gari.

Ina girmama waɗannan mutane sosai. Sun san ƙungiyar da suke karɓowa ba za ta ci kofi ba, sun san sai sun sake neman fitila da rufi, duk da haka suka ce tasu ce. A ƙwallon Birtaniya wannan na cikin misalan farko da magoya baya suka kayar da masu kuɗi a kan sauya wa ƙungiya gari.

Su kuwa 'yan'uwan Steedman suka zauna a Clydebank suka kafa sabuwar ƙungiya da sunan garin, ta shiga lig a 1966, ta kai rukunin farko a 1977, ta fito da gwani irin Davie Cooper. A 1996 aka sayar da Kilbowie. Ƙungiyar ta shiga yawon aron fili a Dumbarton da Greenock, masu kallo suka watse, a 2002 wasu 'yan kasuwa suka saye ta suka kai ta garin Airdrie suka sauya mata suna. Magoya bayanta sai da suka sake kafa wata daga tushe a 2003. Ka riƙe wannan, shekara shida kacal tsakanin sayar da fili da mutuwar ƙungiya.

Kwana 117 na Ferguson

Ferguson ya san garin tun kafin ya karɓi aikin, domin ya buga wa Falkirk wasa daga 1969 zuwa 1973, ya kammala wasansa a Ayr United. Shugaban Shire na lokacin, Willie Muirhead, shi ya ɗauke shi, aikin wucin gadi, fam 40 a mako. Ya tarar da 'yan wasa takwas masu rajista, babu mai tsaron raga a cikinsu, aka ba shi fam 2,000 ya haɗa tawaga. Su ma 'yan wasan kowa da sana'arsa da rana, sai da yamma a haɗu a yi atisaye sau biyu a mako, ranar Asabar a buga wasa. Haka ƙananan ƙungiyoyin Scotland suke har gobe.

Abin da kuka sani game da shi a Old Trafford, tun a nan ya fara. Ɗan gabansa Bobby McCulley ya faɗa daga baya cewa bai taɓa jin tsoron wani mutum ba sai da ya haɗu da Ferguson. Ya matsa musu kan zuwa da wuri da tsafta da ɗaukar kansu da daraja, ya cusa musu cewa ba a haife su don su riƙa shan kashi ba. A wannan ɗan zaman suka doke Falkirk da ci 2-0, abin da magoya bayan Shire suka daɗe ba su ɗanɗana ba. Kakar tana da muhimmanci, domin daga 1975 za a raba lig gida uku, kuma shida na saman rukuni na biyu ne kawai za su shiga rukunin tsakiya. Lokacin da ya tafi a watan Oktoba, ƙungiyar tana cikin masu wannan fafutuka. Bayan tafiyarsa ba ta kai ba.

Yadda ya tafi ɗin ma akwai darasi game da fili. St Mirren ta garin Paisley ce ta neme shi, alhali tana ƙasan Shire a tebur. Ya yi ta jinkiri saboda yana ganin bai kamata ya bar yaran da suka ba shi amana ba, sai ya nemi shawarar Jock Stein, kocin Celtic. Stein ya ce masa ya je ya zauna a saman rumfar filin St Mirren ya duba ko'ina, sannan ya je Firs Park ya yi haka, zai ga amsa da idonsa. Ya je ya gani, ya karɓi aikin. Sauran ka sani: Aberdeen a 1978, doke Real Madrid a wasan ƙarshe na kofin Turai na masu riƙe da kofuna a 1983, Manchester United daga 1986 zuwa 2013.

Shekarun ƙasan tebur

Shire ta ɗan farfaɗo a ƙarƙashin Billy Lamont, ta hau rukunin tsakiya a 1980, ta kai kwata fainal na Kofin Scotland a 1981, ta sauko a 1982. Daga nan sai zaman ƙasa. Mafi muni ya zo ne daga kakar 2002/03 zuwa 2006/07, inda ta ƙare a ta ƙarshe a duk faɗin lig ɗin Scotland sau biyar a jere. A 2003/04 ta buga wasa 36, ta ci biyu, ta yi canjaras biyu, aka doke ta a 32, aka zura mata ƙwallo 118. Maki takwas ta tashi da shi, uku daga ciki ma a ranar ƙarshe ta same su da ta doke Elgin City. Albashin ɗan wasa a lokacin fam 10 ne a mako. Jaridun Ingila suka mai da ita abin dariya, suna kiranta ƙungiya mafi rauni a Birtaniya. Ni ban ga abin dariya ba. Matasa ne da suka tashi daga aiki suka shiga mota zuwa Elgin ko Peterhead, can arewa mai nisa, cikin sanyi, sun san da wuya su ci, kuma mako na zagayowa suka sake fitowa.

Hukumar lig ta kafa doka cewa mai ƙarewa a ƙarshe a kai a kai za a rage mata matsayi, a ƙwace mata ƙuri'a, daga nan a duba korarta. A 2008 Shire ta sha da ƙyar, ta doke Montrose a ranar ƙarshe ta bar Forfar Athletic a ƙasa. Wani ɗan kasuwa daga Ingila, Spencer Fearn, ya zuba kuɗi, koci Jim McInally ya kai ta ta uku a 2009 da 2010.

Amma a 2008 ɗin ne ta bar Firs Park. Filin matsattse ne, yana ƙarshen wani layin gidaje, manyan kantuna sun tokare shi ta baya, kuma shugabannin suka ce kuɗin gyara shi ya cika sababbin sharuɗɗan hukumar ƙwallo ya fi ƙarfinsu. Ta koma haya a Ochilview, filin Stenhousemuir, da niyyar zama na ɗan lokaci kafin a gina sabo. Sabon bai samu ba. An rushe Firs Park, zaman haya ya kai shekara goma, a 2018 ta koma haya a filin Falkirk.

Akwai rana ɗaya mai haske a tsakani. Da aka mai da Rangers rukuni na huɗu a 2012 saboda karyewar kuɗi, wasanta na farko na lig a filinta, Ibrox, da Shire ne, gaban mutum 49,118. Shire ce ta fara ci da fenariti, kafin Rangers ta doke ta 5-1.

To me ya hana ta girma?

Na farko, yawan ƙungiyoyi. Mutanen Scotland kimanin miliyan biyar da rabi ne kacal, amma ƙungiyoyi 42 ke cikin lig ɗinta, kuma Celtic da Rangers sun kwashe mafi yawan zukata. Kowace Asabar motocin magoya baya na tashi daga garuruwa irin Falkirk zuwa Glasgow. Abin da ya rage Falkirk ta ɗauki kaso mafi tsoka, Shire ta tsira da 'yan ɗaruruwa. Masana'antun da suka haifi Bainsford su ma sun durƙushe, Carron kanta ta karye a 1982.

Sai hanyoyin samun kuɗi da suka toshe ɗaya bayan ɗaya. Raba lig da aka yi a 1975, aka sake rabawa gida huɗu a 1994, ya nesanta ƙananan ƙungiyoyi daga wasannin da ke cika fili. Hukuncin Bosman na 1995, wanda ya buɗe wa ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare hanyar tafiya kyauta, ya raunana sana'ar rainon yaro a sayar, irin wadda ta kawo kuɗin McCreadie.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba. Shekaru da yawa ƙofar ƙasa a rufe take, ko ka ƙare a ƙarshe babu inda za ka faɗa. Wannan ya raya Shire, amma ya kuma sa shugabanni za su iya rage kashe kuɗi har ƙasa ba tare da fargaba ba. Da aka kafa gasar Lowland, wato mataki na biyar a kudanci da tsakiyar Scotland, a 2013 aka buɗe ƙofar daga 2015, sai ƙungiyar ta tsinci kanta ba shiri. A 2016 ta ƙare a ƙarshe, aka haɗa ta da Edinburgh City wasa gida da waje. Aka yi 1-1 a Edinburgh, a Ochilview kuma City ta ci da fenariti ana saura 'yan mintuna a tashi. Ita ce ƙungiya ta farko da ta faɗo ta wannan sabuwar ƙofa, bayan shekara 61 a jere a lig.

Duk da haka, ni na fi ɗora nauyin a kan fili, kuma abin da na gani da idona ne ya sa. Lokacin da ƙungiyarmu ke da filinta a bayan makaranta, yara ne ke zuba toka a layi, dattawa su fito da benci bayan la'asar, mai shayi ya kafa tebur a gefe, kuɗin karo-karo na shigowa ba tare da an roƙa ba. Da aka yanka filin aka gina shaguna, muka koma aro a wata unguwa. A kakar farko 'yan wasa ba su ragu ba, har ma mun fi cin wasa. Dattawan ne suka fara ɗaukewa, sai yaran da ke tsinto ƙwallo, waɗanda su ne 'yan wasan gobe, sai littafin kuɗi ya bushe. Ɗan haya ba ya dasa bishiya a tsakar gida. Ƙungiyar da ke haya ba ta da ɗakin taro da za ta bayar haya, ba ta da cikakken iko da allunan talla da wurin sayar da abinci, ranar wasanta ma sai ta jira mai gida ya zaɓa. Mafi girma, yaron da ke tasowa a Bainsford ba ya jin ihun 'yan kallo daga ɗakinsu.

Wannan fahimtata ce ta mai kallo daga nesa, kuma akwai hujjoji da ke ja da ita. Shekaru biyu mafi kyau da Shire ta yi a wannan ƙarni sun zo ne bayan ta bar Firs Park, shekaru biyar mafi muni kuma a cikinsa ta yi su. Brechin City da Albion Rovers suna wasa a filayensu na gado, amma su ma sun faɗo, a 2021 da 2023. Don haka fili shi kaɗai ba ya hana faɗuwa. Abin da nake cewa shi ne, yana ba ƙungiya abin dafawa in za ta tashi.

Tashin kuwa da wuya. A tsarin da aka bi tun 2015, sai ka lashe gasar Lowland, ka doke zakaran gasar Highland, takwararta ta arewa, gida da waje, sannan ka doke ta ƙarshe a rukuni na huɗu, ita ma gida da waje. Shire ta zo ta biyu a kakarta ta farko a can, bayan East Kilbride, daga nan ƙungiyoyi masu sabon jini da masu zuba kuɗi suka sha gabanta: Kelty Hearts ta hau a 2021, Bonnyrigg Rose a 2022, Spartans a 2023, East Kilbride a 2025. A 2025 ɗin ne kuma Clydebank ta magoya baya ta hauro gasar Lowland, ta tarar da Shire a can. Daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin lig da suka faɗo bayanta, wato Berwick Rangers a 2019, Brechin City, Cowdenbeath a 2022 da Albion Rovers, har zuwa ƙarshen kakar 2024/25 babu ko ɗaya da ta koma sama.